Baƙin tsuntsu mai yin laima da fukafukansa a bakin tafkin Legas

Fasinjan Ikorodu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambaya ga duk wanda Allah ya hore wa sanin halayen tsuntsaye, domin na ga wani abu da ya tsaya mini a rai yau kusan mako uku.

Ina zaune a Ikorodu, ina aiki a cikin tsibirin Legas, kuma tun da cunkoson motoci ya ishe ni na koma bin jirgin ruwa kowace safiya. Wata ranar Talata na isa tasha da wuri, rana ta ɗan ɗaga amma hazon hunturu bai gama washewa ba, sai na tsaya a gefe ina kallon bakin gaɓa, inda ruwan bai fi ya rufe idon sawu ba. A nan na hangi wani tsuntsu baƙi wuluk, mai dogon wuya da dogon baki kamar na zalɓe, amma girmansa bai wuce na balbela ba sosai. Ƙafafunsa baƙaƙe ne, sai dai duk lokacin da ya ɗaga ƙafa daga ruwa nakan ga yatsunsa rawaya ne, kamar an tsoma su a cikin fenti.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda yake neman abinci. Zai yi taku uku ko huɗu da sauri, sai ya tsaya cak, ya watso fukafukansa biyu gaba har su haɗu a saman kansa, bakin gashin yana taɓa ruwa ta kowane gefe, ya cusa kansa a ciki. Idan ka gan shi a wannan hali ba za ka ce tsuntsu ba ne, sai ka ɗauka wata baƙar laima ce aka kifa a kan ruwa. Ba ya daɗewa a haka, bai fi a ƙirga uku ba, sai ya naɗe fukafukan, ya ƙara gaba, ya sake kifawa. Da farko na zaci ciwo ne yake damunsa ko kuma leda ce ta naɗe masa fiffike, domin bakin ruwan nan ba ya rabuwa da tarkace, har na fara tunanin yadda za a cece shi. Sai a karo na biyar ko na shida na ga ya ɗago da ɗan ƙaramin kifi yana wutsil-wutsil a bakinsa, ya haɗiye.

Na tashi a ƙauye a ƙasar Jigawa, na san zalɓe, na san shamuwa da gauraka, kuma duk zalɓen da na sani tsayawa yake yi shiru kamar an dasa shi har kifi ya zo da kansa. Tambayata ita ce, wane tsuntsu ne wannan, kuma mene ne amfanin wannan laimar? Sannan ina so in san ko halittarsa ce haka, ko kuwa zaman Legas ne da ƙarancin kifi suka koya masa dabarar da kakanninsa ba su sani ba.

Malamar Idi-Araba ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bayanin da ka yi ya isa a gane tsuntsun ba tare da hoto ba, musamman da ka ambaci rawayan yatsu. Ɗan gidan su zalɓe da balbela ne, masana suna kiransa Egretta ardesiaca, kuma za mu iya ce masa baƙin zalɓe. Ana samunsa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, tun daga Senegal har gabashi da kudancin nahiyar, da kuma tsibirin Madagaska. Ina koyar da kimiyyar halittu a wata makarantar sakandare, kuma duk shekara idan na zo darasin yadda dabbobi ke neman abinci da shi nake farawa, saboda ba a cika samun misalin da yara ke kamawa nan take kamarsa ba.

Ana ba da dalilai biyu na wannan laimar, kuma ɗaya bai kore ɗaya ba. Na farko shi ne ƙananan kifaye suna gudun fili, suna neman inuwa domin su ɓuya daga masu cinsu, saboda haka idan inuwa ta faɗo a kan ruwa maras zurfi sai su ruga cikinta suna zaton mafaka ce. Masuntan da ke kan wannan tafkin sun fi kowa sanin haka. Idan kana kan gadar Third Mainland ka dubi wajen Makoko za ka ga rassan itatuwa da aka kakkafa a tsakiyar ruwa, an yi su ne domin kifi ya taru a ƙarƙashinsu kafin a zagaye wurin da taru. Dalili na biyu ya shafi idon tsuntsun kansa, domin hasken rana yana ƙyalli a saman ruwa yana hana ganin abin da ke ƙasa, kamar yadda mutum yake kare goshinsa da tafin hannu idan yana leƙa rijiya da tsakar rana. A cikin inuwar fukafukansa yana ganin ƙasan ruwa tangaram. Idan ka sake samun damar kallonsa, ka lura da ƙafafunsa lokacin da ya kifa laimar, domin yakan motsa taɓo da su don ya tayar da abin da ya kwanta.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ba Legas ce ta koya masa ba. Baƙin zalɓen da ke wani tafki a Zambiya ko a Madagaska, wanda bai taɓa ganin birni ba, yana yin wannan laimar daidai da yadda ka siffanta, kuma halin da ya game jinsi gaba ɗaya a wurare masu nisa haka gado ne. Amma tambayar taka tana da tushe, domin akwai halayen da tsuntsaye ke koya da gaske. Akwai wani ƙaramin ɗan'uwansa mai gajeren wuya da ke laɓewa a cikin itatuwan bakin ruwa, wanda an sha ganin wasu daga cikin irinsa a Japan da Amurka da nan Afirka suna jefa gutsuren burodi ko ƙwaro ko gashin tsuntsu a kan ruwa a matsayin koto, su jira kifi ya taso su cafke shi, idan ruwa ya tafi da koton kuma su ɗauko shi su mayar kusa. Ba dukansu ke yin haka ba, wasu ne a wasu wurare, kuma wannan bambancin shi ne alamar cewa akwai koyo a ciki.

Misalin da ya fi shahara ya faru ne a Ingila. A shekarar 1921, a wani wuri da ake kira Swaythling kusa da Southampton, aka fara rubuta labarin wasu ƙananan tsuntsaye da ke huda murfin kwalaben madarar da ake ajiyewa a ƙofar gidaje da asuba, suna shanye maiƙon da ya taru a sama. Kafin 1949, lokacin da wasu masana biyu, James Fisher da Robert Hinde, suka tattara rahotannin, halin ya bazu zuwa garuruwa masu yawa. Da mutane suka koma sayen madara a kanti, kuma aka yawaita shan wadda aka cire wa maiƙo, sai halin ya ja baya har ya kusa ɓacewa.

Tsohon Mahauci ya amsa:

Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini, ni nake faɗa. Malama, Allah ya ƙara sani, na ji bayaninki kuma na gamsu da shi a kan wannan baƙin tsuntsun. Amma ina so in goyi bayan yaron nan a kan zatonsa, domin ko da bai dace da tsuntsunsa ba, ya dace da waɗanda nake gani kullum.

Na shekara fiye da arba'in ina fawa a Agege. Balbelar da na sani a gida tana bin garke ne, tana tafiya a gefen kofaton saniya, duk fara ko baben da saniya ta tayar daga ciyawa sai ta cafke, kuma ba ta da wata hulɗa da nama. Yau ka zo mayanka da hantsi ka ga balbela jere a bakin kwata, inda ake wanke tumbi da hanji, tana jiran ƙudaje da tsutsa, wata ma har ta ɗauki guntun kitse ta haɗiye. Na zauna na kalli wata guda ɗaya da ta tsaya kusa da tarin fatu da ƙudaje suka rufe. Ta miƙa wuyanta a hankali, tana karkaɗa shi hagu da dama kaɗan-kaɗan amma kanta bai motsa ba, sannan ta kai sara sau ɗaya ta ɗauke ƙuda. Ta yi haka ya fi sau ashirin ba ta matsa daga wurin ba. Farin gashinta duk ya yi dauɗa, ƙirjinta ya koma ruwan ƙasa. Waɗanda ke wucewa ta jujin Olusosun a Ojota sun ce can ma haka suke, suna bin motar da ke ture shara kamar yadda iyayensu ke bin saniya.

Abin da ya fi damuna shi ne ungulu, wadda ta bar wurin da balbela ta samu. Lokacin da na zo garin nan ina saurayi, ba ka yanka dabba ba tare da ungulu ta sauka a kan rufin kwano tana jira ba, har mukan kore su da sanda idan sun matso kusa da nama. Hausawa suna cewa ungulu ba ta jewar banza, kuma duk inda ka ga tana kewaya ka san akwai abin da ya faɗi. Yanzu sai in yi shekara ban ga ko guda ba, alhali yanka bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Abin da ungulu goma za su share kafin azahar yanzu yana nan yana wari har dare, kuma balbela ba ta da bakin da za ta yaga shi, sai dai ta ci ƙudan da ya haifar. Mun san inda wasunsu suka tafi, domin muna ganin kawunansu a busasshe a rumfunan masu sayar da kayan tsibbu, kuma wannan abin baƙin ciki ne ga duk wanda ya san aikin da take yi mana ba da lada ba.

Akwai kuma carki, wanda shi ma na daina ganinsa a bayan shanun da ake saukewa daga mota. Mutane suna yabonsa cewa yana cire wa saniya kaska, kuma gaskiya ne yana ci, amma duk makiyayi ya san idan saniya tana da miki a doro carki ba ya barinsa ya warke, kullum yana tono yana shan jini. Malama, ko masananku sun lura da wannan?

Ɗan Mile 12 ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ina sayar da albasa, kuma a bayan rumfarmu akwai wani hankaka da ya saba da mu. Idan aka jefar da busasshen burodi wanda ya yi tauri, ba ya tsayawa fama da shi, sai ya ɗauka ya kai cikin wata fasasshiyar roba da ruwan alwala ke taruwa, ya saka, ya koma kan katanga ya ɗan jira, sannan ya dawo ya ci bayan ya jiƙu. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Shirwa kuma a watannin rani takan sauko ta fizge nama daga tiren mai talla yana tafe, ba ta ko taɓa tiren, amma da damina ta kankama sai mu daina ganinta sai jefi-jefi.

Tambayata ga Malama ita ce, shin muna cutar da su ne idan muna ba su irin abincinmu? Yaran rumfa sun fara ajiye wa hankakan nan burodi da gangan, ni kuma ban hana ba saboda ina ganin sadaka ce.

Malamar Idi-Araba ta sake amsawa:

Baba, ranka ya daɗe, abin da ka faɗa a kan carki masana sun zo sun tarar da shi ne. An yi wani bincike a kan shanu a Zimbabwe inda aka hana carki sauka a kan wasu aka bar shi a kan wasu, sai aka ga waɗanda aka hana shi kaskarsu ba ta ƙaru ba, kuma mikinsu ya fi saurin warkewa. Makiyayi ya riga mai littafi sanin wannan.

Na karɓi gyaranka a kan balbela, kuma tarihinta yana tare da kai. Asalinta tsuntsuwar Afirka da kudancin Turai da Asiya ce mai bin manyan dabbobin daji irin su ɓauna, da mutum ya yawaita shanu sai ta koma bin su. A 1877 aka gan ta a arewacin Kudancin Amurka, wajen Suriname, bayan ta ƙetare tekun Atlantika da fukafukanta, kuma a 1953 aka same ta tana sheƙa a Florida. Ina ganin abin da ta gada shi ne dabarar tsayawa kusa da duk wani babban abu da ke tayar da ƙwari, shi ya sa saniya da motar noma da motar shara duk ɗaya ne a wurinta. Gado ya ba ta dabarar, Legas kuma ta nuna mata inda za ta yi amfani da ita. Wannan ne bambancinta da baƙin zalɓen Malam, wanda laimarsa ba ta da amfani sai a ruwa maras zurfi mai ƙananan kifaye, saboda haka duk bakin gaɓar da aka cike da yashi aka yi gini a kai, an rage masa wurin ci ke nan, kuma ba zai koma juji ya rayu ba.

Maganar ungulu kuwa ta wuce Agege. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sanya ungulun da muka saba gani a mayanka da kasuwa a cikin rukunin da ke gab da ɓacewa, kuma daga cikin manyan dalilan akwai guba da farautarta domin tsibbu. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 ungulayenta suka ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, daga baya aka gano cewa maganin diclofenac da ake yi wa shanu ne yake lalata musu ƙoda idan sun ci mushen, har aka haramta amfani da shi ga dabbobi a 2006. Kafin nan karnukan da ba su da masu su sun yawaita a kan mushen da ba mai ci, ga kuma haɗarin ciwon haukan kare. Ruwan cikin ungulu yana da tsami mai ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa.

Tun da muna maganar ci mai ban mamaki, a nan kudu akwai wata 'yar gidan ungulu mai fari da baƙi wadda yawancin abincinta 'ya'yan kwakwar manja ne da na tukurwa, tana haɗawa da ƙaguwa da kifi. Takan riƙe ɗan kwakwar da ƙafa ta ɓare naman da baki, kuma inda babu waɗannan itatuwa ba a cika ganinta ba.

Ɗan'uwa na Mile 12, jiƙa abinci mai tauri sanannen hali ne a wurin hankaki a ƙasashe da yawa, kuma abin da ka gani daidai ne. Guntun burodi lokaci-lokaci ba zai kashe hankaka ba, domin cikinsa yana karɓar kusan komai, amma ku guji ba shi wanda ya yi funfuna ko abinci mai gishiri da yawa, kuma kada ya zama shi ne abincinsa na kullum. Idan kuna neman lada, ku ajiye ruwa mai tsabta a kasko kuna canza shi kowace rana, musamman a watannin zafi, sannan ku tattara leda da zaren buhu da ke zube a bayan rumfa, domin su ne ke naɗe wa tsuntsaye ƙafa har yatsa ya guntule. Ita kuwa shirwa tafiya take yi da yanayi, tana yawaita a kudu da rani, idan ruwa ya sauka ta nufi arewa inda gina da fara ke fitowa.

Fasinjan Ikorodu ya sake rubutawa:

Malama, Baba, da ɗan'uwana na Mile 12, na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya Asabar ba ni da aiki, amma na tafi tashar da sassafe musamman domin in duba abin da Malama ta ce game da ƙafafunsa. Na tarar da su uku a wannan karon, suna tafiya kusa da juna a layi ɗaya, wannan ya kifa wancan ya buɗe. Na zaɓi wanda ya fi kusa da ni na ƙirga masa, ya kifa laima sau goma sha bakwai, kuma sau huɗu na ga ya ɗago da kifi a fili, ko da yake mai yiwuwa ya haɗiye wasu a ciki ban gani ba. Motsin ƙafar ma na gan shi, domin duk inda ya tashi yakan bar ruwan a gurɓace kamar an dama kunu.

Wani abu kuma da ban lura da shi ba a karon farko shi ne wata farar tsuntsuwa mai irin ƙirarsa, mai baƙin baki, da ke biye da su a baya kaɗan. Ita ba ta yin laima, amma duk kifin da ya tsere daga ƙarƙashin fukafukansu ya nufo wajenta sai ta sare shi. Wani tsohon masunci da ke gyaran taru a wurin ya ga ina kallo, ya nuna mini da hannu can gaba inda ake zuba yashi, ya ce a da a can suka fi taruwa. Baba, idan jikanka zai iya kawo ka wata Asabar kafin ƙarfe takwas, zan jira ku a bakin tashar in nuna maka su.